Mutanen Ruwan Atika

"Sake kunna mata, ta jiya da kunnenta."

Inna Sadiyatu ce ta faɗa, ba ta ko kalli Atika ba, wadda ke durƙushe a bakin tabarma tun gaisuwar da ba a amsa mata ba.

Nabila, 'yar ƙanwar Inna, ta latsa waya jiki na rawa. Duk unguwar Gawon Nama an san ita aka so haɗawa da Zulkifilu, ɗan Inna, kafin ya ga Atika ya kafe.

Muryar Atika ta fito, daga hirar da aka yi da ita a rediyo:

"Ni kam na ba mutanen ruwa rayuwata. Da su nike kwana, da su nike tashi..."

Atika ta sunkuyar da kai.

'Yar Sakkwato ce, ruwan da ta sani a yarinta bai wuce na randa da na 'yan garuwa ba, amma ta je ta karanto kimiyyar teku. Yanzu ta sami aikinta na farko a Legas, wurin tsara dokokin da za su kare masunta da masu shiga jirgin ruwa. Su take nufi. Boko ne ya mantar da ita cewa a bakin tsofaffi, mutanen ruwa aljanu ne.

"Da bakinki kic ce," in ji Inna. "Ba ni ba ɗana ga wadda ad da miji cikin ruwa. Ko ki bar aikin ga a yi maki ruƙiyya, ko a maido muna goronmu."

"Inna, masunta take nuhi..." Zulkifilu ya fara daga bakin ƙofa.

"Ba da kai nike ba."

"Ai dama ruwa ba ya tsami banza," Nabila ta sa baki, tana gyara gyale.

Zulkifilu ya matso ya durƙusa nesa kaɗan da Atika, ya yi ƙasa da murya.

"Sanyin idona, ki ce kin bari. In an ɗaura, mu lallashe ta..."

Wannan ta fi maganar Inna yi mata ciwo. Tana son shi, son da har kunyar kanta take ji, amma yau ta ji haushinsa.

"Ba ni shiga gidan ga bisa ƙarya, Zulkifilu."

"To ki rasa ni ke nan?"

Hannun Inna Atika take kallo, yadda yake karkarwa a kan carbi. Mai fushi ba haka yake rawa ba, wannan tsoro ne. Nan ta tuna abin da Zulkifilu ya taɓa gaya mata sau ɗaya, ya kuma roƙe ta kada ta maimaita: yayansu Lawwali, ɗan Inna na fari, ya shiga kwalekwale a gulbi ranar wata kasuwa, ba a sake ganinsa ba.

Ta san in ta taɓo wurin nan, ko dai a yi auren ko a kore ta har abada.

"Inna... Yaya Lawwali na cikin mutanen ruwan da nike magana."

Zulkifilu ya runtse ido.

"Wa yab ba ki wannan suna?" Inna ta tambaya.

"Ki gahwarce ni. An ce kwalekwalen an cika shi ya wuce ƙima, kuma babu rigar ceto ko guda. Aikin da zan yi ke nan, Inna. A yi doka, a hana loda mutane kamar buhunna, ko a teku ko a gulbi."

"Ƙarya kike." Inna ta girgiza kai, hawaye na zubo mata. "Ba a ga gawa ba. Sun ce mani mutanen ruwa sunka ɗauke shi... sun ce suna riƙe mutum da rai, wata rana su sako shi."

Sai yanzu Atika ta gane. Duk shekarun nan tsohuwar jira take yi, tana tsoron masu riƙe mata ɗa, tana kuma fatan su tausaya.

Kalma ɗaya ta rarrashi za ta iya gyara mata aure. Ta haɗiye ta.

"Ba kowa ar riƙe da shi, Inna. Ya rasu." Kuka ya ƙwace mata. "Kuma malamai sun ce wanda ruwa yac ci shahidi na."

Nabila ta buɗe baki, Inna ta ɗaga mata hannu.

Atika ta fara laluben takalmanta. Ta riga ta sallama.

"Allah shi jiƙan Lawwali," in ji Inna.

Zulkifilu ya ɗago a firgice. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan a bakinta ba, saboda kunyar ɗan fari. Addu'ar ma ba ta taɓa yi ba, don ba a yi wa mai rai ita.

"Amin," suka ce.

Inna ta share fuska da bakin zane, ta matsa gefe ta buɗe wuri a kan tabarma.

"Taso nan, ɗiyata. Ke da kika karanta ruwa... gulbin ga namu, ina yaka zuwa?"

"Shina haɗuwa da kogin Kwara, Inna. Daga nan sai teku."

Inna ta kama hannunta ta riƙe gam, ta dubi Zulkifilu.

"In an ɗaura, kai ka kai ta da kanka. Ku tsaya bakin tekun ku yi ma yayanku addu'a. Ni ban san inda kabarinai yake ba sai yau."