Saƙon Da Ba Nasa Ba

Agogon tebur ne ya haɗa su. Ta shigo shagonsa rungume da shi, ta dire a kan kantar shagon, ta ce, "Malam, kwana huɗu ke nan bai tashe ni ba."

Ya ɗago kai, gilashin gyara maƙale a idonsa ɗaya. Da ɗayan idon ya gan ta, kuma wannan ma ya isa. Agoguna sun fi talatin a bangon shagon, amma a lokacin ko an tambaye shi ƙarfe nawa, ba zai iya faɗa ba.

"Waya ba ta tashin ki ne?" ya tambaya.

"Tana tashi na, sai dai ta zaunar da ni. In na ɗauke ta in kashe ƙarar, sai bakwai ta same ni ina kallon hotunan mutane. Ni kuwa rubutu nake so in yi."

Malamar firamare ce. Shekara biyar tana fara littafin soyayya, ba ta taɓa wuce babi na uku ba, don a cewarta sai ilhama ta zo take ɗaukar biro.

Ya yi murmushi. "Da agogon nan sai ya ga dama yake motsi, ai da tuni kin jefar da shi. Ki riƙa zama kowace safiya, ko layi uku ne."

"Iye! Mai Agogo ya koma malamin adabi."

Gyaran minti biyar ne, amma bawan Allah ya ce sai jibi. Jibi ta zo, ya ce akwai wata 'yar ƙusa da ake jira. Kafin ƙusar nan ta iso sun san lambar juna.

Shawarar tasa kuwa ta yi aiki. Ƙarfe shida agogo zai buga, ta haɗa shayi, ta bar waya a falo, ta zauna gaban littafinta sai bakwai. Tana tashi za ta tura masa:

"Shafi ɗaya da rabi, Mai Agogona."

"Sannu da aiki, Mai Birona. Rabin nan ki ajiye min, ni zan cike."

Ta daina jiran ilhama, ta koma farautarta. A motar haya take samun ta, a ofishin malamai, a bakin masu kawo masa gyara. Duk maganar da ta burge ta, ko wadda ta faɗo mata a rai, sai ta yi maza ta tura wa lambar kanta kafin ta manta.

Wannan ɗabi'a ce ta tsaya wa mahaifiyarsa a wuya ranar da ya yi mata zancen aure.

"Wadda ke kasa kunne a mota tana rubuta hirar mutane? Ka kawo min ita gida, gobe in ji faɗana da babanka a littafi? Ba da ni ba."

A can gidansu kuma, babanta ya fi karkata ga ɗan abokinsa, wani likitan haƙori mai mota da yawan murmushi, kamar yana tallar sana'arsa. Mai Agogo ya sha ganin motar a ƙofar gidan. Abin kuwa yana cin sa.

Wata safiya tana cikin motar haya, maganar da ta yi mako tana nema ta faɗo mata, wato abin da tauraruwar littafinta za ta gaya wa attajirin da ke son ta. Ta rubuta a gurguje, kwandasta na kiran tasharta, ta danna sunan da ke sama, ta jefa waya a jaka ta shiga aji.

Sunan da ke sama ba nata ba ne. Ga abin da ya shigo wayar Mai Agogo:

"Ka yi haƙuri. Kai mutumin kirki ne, amma zuciyata tana wurin wani. Don Allah kada ka sake zuwa."

Sai da aka tashi tara ta ga amsarsa:

"Na gode da kika gaya min gaskiya. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ta yi salati har malamar da ke gefenta ta zubar da ruwa. Ta kira, waya a kashe. Ta je shago, kwaɗo a ƙofa. Kwana uku agogonta na bugawa ƙarfe shida, tana zama tana kallon farar takarda, ko harafi ya ƙi fita. A nan ta gane irin son da take masa, kuma tsoron rasa shi ya kama ta sosai.

Ran na huɗu ta ɗauki littafin, ta nufi gidan da aka ce ba a son ta.

Mahaifiyarsa ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce kika hana ɗana cin abinci?"

Ta durƙusa. "Mama, wallahi saƙon ba nasa ba ne. Na mutumin cikin littafi ne. Ga shi nan a babi na tara."

"Karanta in ji."

Ta fara karantawa. Shafi ɗaya, biyu, sai ga tsohuwa ta gyara zama. A na uku ta ɗaga hannu.

"Tsaya! Haka za ta sallame shi a tsaye, ko ruwa ba ta ba shi ba? Ai ba a yin haka. Ni da na kori wani mai shagon atamfa saboda baban yaron nan, sai da na..." Ta katse maganar, ta ƙura mata ido. "Me kike lalube a jaka?"

"Biro, Mama."

Dariya ta ƙwace wa tsohuwar har da riƙe ciki. Da ta lafa ta ce, "To ita yarinyar, wa take so?"

Mai Biro ta sunkuyar da kai. "Wani mai gyaran agogo ne. Ba shi da mota, kuma yana da saurin fushi."

Labulen ɗaki ya motsa. Mai Agogo ya fito, ya rame, fuska duk kunya. "Saurin fushin nan ba za a iya gogewa ba?"

"Sai na ga hali," ta ce, hawaye da dariya a haɗe.

Da yamma ta sake tura saƙon nan, wannan karon ga likitan haƙori, bayan ta duba lambar sau uku. Babanta ya ɗan yi faɗa, amma da ya zauna da Mai Agogo sau biyu, shi da kansa ya ce a turo manya.

Ranar ɗaurin aure mahaifiyarsa ta riƙe hannuwansu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Labarin mai atamfa kuma na ba ki, 'yata, amma ki canja min suna."

Yana cikin karɓar gaisuwar jama'a wayarsa ta yi ƙara:

"Yau ban rubuta ko layi ba. Ina son ka, angona."

Ya ja gefe ya amsa:

"Wannan nawa ne, ko na littafi?"

"Naka ne. Na duba lambar sau uku."