Ɗan Tsegumin Tayar Gaba

A cikin tayar baya ta hagu ta motar fasinja mai lamba goma sha bakwai, wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwallon dabino girma ba ta farka daga barci. Juyawar taya ce ke tashinta. Ta auna iska, ta auna zafi, sannan ta aika wa ƙwaƙwalwar motar saƙo ta rediyo: ga lambarta, kuma iska geji hamsin da takwas ce maimakon sittin. Bayan daƙiƙa talatin ta sake aikawa. Hamsin da bakwai.

Gaskiya ta faɗa. Sai dai ƙwaƙwalwar ba ta san an sauya mata mazauni ba.

A Kano ta shekarar 2091, babu motar da ke hawa Titin Gudu sai da irin wannan na'ura a kowace taya. A takarda sunanta ma'aunin iskar taya, amma masu faci ba su da lokacin dogon suna. Ɗan tsegumi suke cewa, tunda ba shi da aiki sai kai rahoto. Yana maƙale a gindin bawul ta cikin taya, da batirinsa a rufe ruf, wanda yakan yi shekara takwas kafin ya mutu. Kowane ɗan tsegumi da lambarsa. Ƙwaƙwalwar mota ba ta ganin taya, lamba kawai take ji, sai ta duba rajistarta ta ce wannan na gaba ne a dama, wancan na baya ne a hagu. Saboda haka duk wanda ya sauya wa tayoyi wuri, dole ya zagaya motar da wata na'urar hannu, ya kara ta a kowane bawul, ya sanar da ƙwaƙwalwa sabon mazaunin kowa. Masu faci na kiran wannan aiki gabatarwa, kuma bai wuce minti huɗu ba.

Motocin ba su da direba, ba su da sitiyari. Kowace tana da injin iska a cikinta, da tiyo zuwa kowace taya, ta ƙara wa wadda ta rage, ta sace wa wadda ta cika, duk tana cikin gudu. Masu ƙirar sun fi alfahari da wannan fiye da komai, har tallarsa suke yi a bangon gadoji, wai taya ta daina buƙatar ɗan Adam.

Da hantsin ranar, Tasi'u mai faci yana ƙarƙashin lamba sha bakwai a garejin ƙungiyarsu. Shekararsa ashirin da shida a sana'ar, kuma mutum ne mai tsantseni har yana ba abokan aikinsa haushi. Ya ga tayar gaba ta dama ta cinye ta gefe, sai ya mayar da ita baya a hagu, ya kawo ta bayan gaba. Ya sauya robar bawul ɗin wadda ta koma baya, ya murɗa notin da hannu, saura ya ɗaure shi da sifana. Ya ɗauko na'urar gabatarwa ke nan sai lasifikar gareji ta yi ƙara, aka ji muryar shugaban ƙungiya, Alhaji Haladu, yana sanarwa. Allah ya yi wa Mudi mai gyaran waya rasuwa a asibiti.

Shekara goma sha tara Mudi yana rumfar da ke jikin ta Tasi'u, kwano ɗaya suke cin abinci. Kuma a garejin nan akwai dokar da babu wanda ya taɓa rubutawa: in aka yi sanarwar mutuwa, inda kayan aiki suke nan ake ajiye su. Wanda ya ce bari ya ƙarasa ɗan abin da ya rage, da shi za a yi ta misali har ya tsufa. Tasi'u ya jefa na'urar a aljihu, hawaye na zubo masa. Har ya kai ƙofa ya dawo ya sauke motar daga kan jak, don kada wani ya ratsa ta ƙarƙashi a samu tsautsayi. Bai tuna ba cewa a wurin kwamfutar gareji, saukar jak na nufin an gama aiki.

Mahaifiyar Mudi tsohuwa ce a Gumel, kuma duk ci gaban da aka samu, ba a gaya wa tsohuwa mutuwar ɗanta ta waya. Mutane ake turawa. Aka haɗa mata goma sha ɗaya daga iyalan 'yan gareji, har da Balaraba matar Tasi'u, tunda 'yar can ce, ta san gidan. Da ta kira shi tana neman izni, a je lafiya kawai ya ce mata, hankalinsa na wurin wanka da likkafani.

Bayan azahar aka yi sallah aka kai Mudi. Rana ta take, ƙasar makabarta na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. An saka shi ke nan ana miƙa itacen rufi, Tasi'u ya sunkuya zai karɓa, sai wani abu mai tauri ya soke shi a cinya. Ya sa hannu a aljihu. Yana taɓa na'urar gabatarwa gabansa ya faɗi.

Ya matsa kusa da Alhaji Haladu, ya yi ƙasa da murya. "Alhaji, wace mota ce ta ɗauki mata?"

"Sha bakwai. Ita kaɗai allon gareji ya nuna a shirye. Ba su ma daɗe da tashi ba, sai da suka jira juna." Alhaji ya kalle shi. "Lafiya?"

Tasi'u ya ajiye itacen a ƙasa, ya ratsa mutane ya fita, ana binsa da kallo. Ya san abin da za a ce, cewa ya bar amininsa kabari a buɗe. A gindin wata darbejiya a bakin katanga ya kira Cibiyar Zirga-zirga.

Mace ce ta ɗauka, ta ce sunanta Injiniya Kubra.

"Injiniya, sunana Tasi'u, mai faci ne. Ki duba min motar ƙungiyarmu lamba sha bakwai, tana hanyar Gumel. Karanta min tayoyinta."

"Ina ganinta. Ta gaba a dama arba'in da ɗaya, tana raguwa, amma injin iska na ƙara mata. Ta baya a hagu casa'in da takwas, ana sace mata. Motar na gyara kanta, Malam Tasi'u. Ta tsara tsayawa a tashar gyara nan da kilomita hamsin."

"Wadda ake sace wa, ta fara sauka?"

Ta sake dubawa. "Ɗari yanzu."

"Kin taɓa ganin tayar da ake sace wa iska tana ƙara cika? Ni na sauya su da safe, ban yi gabatarwa ba. Wadda ke yoyo tana baya, motar kuma tana ƙara sace mata. Lafiyayyar tana gaba, ita ake ta hurawa. Duk gyaran da motar ke yi ɓarna ce, kuma da ta ga abin ya ƙi sai ta ƙara ƙaimi."

Ya ji numfashinta ya sauya. Ba sai ya ƙara bayani ba. Motoci a Titin Gudu a jere suke tafiya, kilomita ɗari da saba'in a awa, tsakanin kowace da ta gabanta bai fi taku biyar ba, ga kwalta ta ɗauki zafin rana.

"Tayar gaban nan akwai tsohon faci a jikinta, ni na yi shi," in ji Tasi'u. "Ba za ta wuce ɗari da goma sha biyar ba. Ki tsayar da ita, don girman Allah."

"Ba ni da ikon." Muryarta ta yi ƙasa, kamar mai jin kunya. "Tun lokacin da manya ke bugo waya a tsayar da titi don su wuce, aka cire maɓallin daga hannun mutum. Sai mutum uku sun sa hannu, kuma ɗayansu na wurin taro. Aƙalla minti ashirin."

"Ba mu da biyar. Matata na ciki."

"Motar ba ta fita daga layi sai ta ga lalacewar da ta sani. Ɗari da huɗu. Malam Tasi'u, in injin iskar ya mutu, wannan ta san shi. Za ta ratse a mafaka ta farko a gefen titi. Akwai ɗaya nan da kilomita tara."

Ya haɗa kiran Balaraba a layin. Sau huɗu ta yi ƙara kafin ta ɗauka, ana jin muryoyin mata a bayanta suna ta addu'a.

"Baban Sadiya, har an kai shi?"

"Balaraba, ki saurare ni, kada ki tambaye ni komai. Ina kike zaune?"

"Kujerar gaba. Motar nan sai wani rinjaya take yi, tun ɗazu nake..."

"Ki ce kowa ta ɗaure bel ɗinta tamau. A ƙasa, gaban ƙafarki ta dama, akwai wani murfi mai zobe. Kin gan shi?"

"Na gani. Hannuna ba ya kaiwa."

Tasi'u ya rufe ido. Ya san abin da ke ƙarƙashin murfin nan, ya san kuma tayar gaba ta dama na dab da shi, tsakaninsu faranti ɗaya na ƙarfe. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya jingina da katanga.

"Ɗari da takwas," in ji Kubra.

"Ki kwance bel ɗinki," ya ce. "Ki durƙusa ki ja zoben."

Ya ji ƙarar bel, ya ji muryar motar a natse tana roƙon fasinja ta koma mazauninta. Ya ji wata tsohuwa na tambayar me ya faru, Balaraba na ce mata ba komai Inna, aikin maigida ne.

"Na buɗe. Akwai zafi kamar tanda. Wayoyi ne da yawa."

"Ja, mai kauri kamar yatsanki, tana shiga wani baƙin akwati mai rawa. Ki naɗe hannunki da mayafi ki fizge ta."

"Ta ƙi."

"Akwai ɗan harshe a gefen soket ɗin, ki danna shi sannan ki ja."

"Ɗari da goma sha ɗaya."

Sai ƙugin da ke bayan muryar Balaraba ya ɗauke. Motar ta sanar da cewa injin iska ya samu matsala, za ta fita daga layi. Kubra ta fara karanto gudu maimakon iska: ɗari da arba'in, ɗari da goma, ta shiga hanyar mafaka, tamanin.

"Ki koma kujera yanzu, Balaraba. Maza."

"Mayafina ya maƙale a..."

Ƙarar ta fito ta wayar kamar an buga ƙofar ƙarfe a cikin kunnensa. Bayan ta sai ƙarar ƙarfe a kan kwalta, da salatin mata, sannan layin ya yanke. Tasi'u ya tsaya da waya a kunne yana kiran sunanta. A bayan katanga ana ta watsa ƙasa.

Iskar ta daina shiga, amma zafin birki ya ƙarasa abin da ya rage. Tayar ta fashe motar na gudun sittin, ta kife ta gefen dama ta ja jiki har bakin shinge. Mata goma da ke ɗaure da bel suka fito da ƙafafunsu, da 'yan ƙujewa. Balaraba kaɗai aka ciro a kan gadon ɗaukar majinyata, ƙashin bayanta ya karye a wuri biyu. Injiniyoyi sun ce da a kan layi abin ya faru, da motoci tara ne za su hau kan juna.

Kwamitin bincike ya yi wata biyu yana zama. Rahotonsa ya wanke na'ura tas: kowane ɗan tsegumi ya faɗi gaskiya, ƙwaƙwalwa ta bi rajistarta, injin iska ya yi abin da aka umarce shi. Da aka tambayi Tasi'u dalilin barin aiki a tsakiya, ya ce rasuwa aka yi musu. Magatakardan ya duba fom ɗinsa sama da ƙasa, bai ga gurbin wannan ba, sai ya rubuta sakaci. Tasi'u bai yi musu ba, don shi ma abin da yake gaya wa kansa ke nan. Kubra ce kaɗai ta miƙe ta tambaya me ya sa motar da ta iya lissafin komai ba ta iya shakkar kanta ba, me ya sa kuma aka hana mutum taka mata birki. Aka gode mata, aka wuce batu na gaba.

Maganin da aka samo shi ne a raba hannun mutum da taya gaba ɗaya. Kafin damina aka kafa hannayen ƙarfe goma sha biyu a garejin, masu aiki ba hutu. Ba sa manta gabatarwa, kuma ba su da wanda zai mutu musu.

Cibiyar ta aiko wa Balaraba keken guragu na zamani, mai tafiya da kansa, da wasiƙar yabo. A kowace tayarsa akwai ɗan tsegumi, da wata 'yar fitila a hannun kujera mai nuna kore in komai daidai ne. Kullum da safe, kafin ya ɗauke ta daga gado, Tasi'u sai ya durƙusa ya danna tayoyin da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Baban Sadiya, kore ce fa," takan ce masa. "Ga ta nan tana ci."

"Na gani," yakan ce, bai ɗago kai ba. Sai ya zagaya ɗaya gefen ya sake dannawa.