Alwalar Ƙarfe Bakwai

Da sunan Allah, Masanin abin da zukata suka ɓoye.

A shekarar 1996 wata kwaleji a Potiskum ta buɗe sashen koyar da kwamfuta, ta ware mako guda domin tarbar ɗaliban farko. Ranar Litinin aka yi rajista, Talata aka zagaya da su, Laraba kuwa ita ce ranar da za su fara ɗora hannu a kan na'urorin. Da hantsin Larabar nan rahoto ya iso caji ofis cewa an sace akwatin faifan kwamfuta, wanda idan babu shi kwamfutoci shida na sashen ba su da abin da za su koyar.

Sufeto Muhammadu Lawan ne ya tafi, dattijo mai sanyin magana. A ƙofar ɗakin ya tarar da takalma jere, domin doka ce ba a shiga da takalmi saboda ƙura. Ya cire nasa ya shiga.

Malam Bashir, malamin sashen, ya tarbe shi yana share gumi.

"Yallaɓai, faifai goma ne a ƙaramin akwati. Jiya na kulle su a kabad ɗin can."

"Wa ya riƙe makullin ɗakin?"

"Zainulabidin, sabon ɗalibi daga Mamudo. Shi suka zaɓa shugaban aji. Rajistara ya ce idan akwatin bai fito ba kafin azahar, a soke sunansa."

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa da na kabad, babu wanda aka taɓa. Ya tsaya tsakiyar ɗakin ya ja numfashi. Duk da sanyin na'ura, akwai ragowar ƙamshin turaren wuta. Sannan ya durƙusa. A ƙarƙashin teburin malami kafet ya lotsa kusurwa huɗu, daidai girman tafin hannu biyu.

"Malam, kabad ɗinka a ƙasan tebur yake?"

Malam Bashir ya sunkuyar da kai. "Na yi gaggawar la'asar, yallaɓai. Na tura shi nan, na ce da safe na ɗauka."

"Allah Ya karɓi sallar. Amma kada ka ƙara mini abin da bai faru ba."

Sufeto ya sami Zainulabidin zaune a ofishin rajistara, sanye da sabuwar riga wadda har yanzu layin guga bai bar ta ba.

"Ƙarfe nawa ka mayar da makulli?"

"Ƙarfe huɗu, ranka ya daɗe."

"Littafin maigadi ya ce biyar. Ina ka kai awa guda?"

Idanun saurayin suka ciko. "Na koma ciki. Wallahi ban kunna komai ba. Zama na yi ina danna haruffan sunan mahaifina, na'urar a kashe. Gero ya sayar ya kawo ni nan. Na so yau idan an kunna, hannuna kada ya yi rawa."

Sufeto ya rufe littafinsa na ɗan lokaci. "Ka ga akwatin?"

"Yana ƙarƙashin tebur lokacin da na fita. Na ji nauyin in ƙaryata malamina, shi ya sa ban faɗa ba."

"Me aka nuna muku jiya?"

Fuskar Zainulabidin ta ɗan washe. "Malam ya ɗaga faifai ɗaya da ya zo da shi daga Umra. Ya ce Littafin Allah yana ciki, izu sittin cif, babu harafin da ya ɓace. Ɗaki ya ɗauki kabbara. Har ma'aikata suka leƙo ta taga."

"Daga nan ya mayar da shi cikin sauran?"

"Ƙwarai kuwa."

Sufeto ya nufi bakin get, wurin maigadi Babayo, wanda ya miƙe ya sara masa da tsohuwar sarawar soja.

"Bayan yaron, wa ya karɓi makulli?"

"Babu kowa, yallaɓai. Sai Gogo Fanne mai shara, da safe. Ita ai ba a rubuta ta. Shekara goma sha biyu tana nan, ko allura ba ta ɓata a hannunta ba."

"Ka ga wani abu daban yau?"

Babayo ya yi dariya. "Sai dai abin ban dariya. Ta shiga, ta fito da sauri, ta ce in ara mata buta. Na ce, Gogo, asuba ta wuce, walaha ba ta yi ba, wace salla ce ƙarfe bakwai? Ta ce in ji da ƙofata. Ta yi alwala tsaf. Sannan ta roƙi garwashi a wurin mai shayi."

Sufeto ya jima yana kallon butar. A shekarunsa na aiki ya ga ɓarawo mai tsafi, ya ga mai maye, amma bai taɓa ganin wanda ya yi alwala domin ya ɗauki kayan mutane ba. Ya ce a ransa, wannan ba hannun sata ba ne, hannun girmamawa ne. Mai girmama abu kuwa sama yake kai shi.

Ya sami Gogo Fanne a bayan ɗakin taro tana sharar wurin da ta riga ta share. Ya gaishe ta da ladabi, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Gogo, kin ga wani akwati a ɗakin kwamfuta?"

"Ni ɗana, shara nake yi. Ban san kayan Turawa ba."

"To, shi ke nan. Na zo ne kawai in sanar da ke, kafin azahar za a kori yaron nan na Mamudo. Sun ce shi ya ɗauka."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta.

"Mai sabuwar riga? Wanda ya durƙusa ya gaishe ni jiya?"

"Shi fa."

"Inna lillahi! A'a, wannan ba za a yi shi da raina ba. Taho."

Ta wuce gaba, Sufeto yana biye. A ɗakin ta nuna saman dogon kabad, can kusa da silin, inda babu wanda ya ɗaga ido ya duba. Aka ɗauko kujera. Malam Bashir ya sauko da wani ƙunshi cikin farin mayafi, ƙamshi yana tashi daga gare shi.

"Ni na ɗauka," in ji Gogo. "Jiya ina bakin taga na ji abin da ke ciki. Da safe na same shi a ƙasa, inda ake miƙe ƙafa. Mahaifina alaramma ne, a gidanmu ko takarda mai harafi ɗaya ba ta kwana a ƙasa. Ban san wanne ne a cikin goman ba, sai na ɗauke su duka. Na turara su, na naɗe, na kai sama."

"Me ya hana ki faɗa tun da safe?"

"Na zo zan faɗa, sai na ji Malam yana ce wa rajistara ko hayaƙi kaɗan kashe faifai yake yi. Na ce, shi ke nan Fanne, kin shafe maganar Ubangijinki da hannunki. Kunyar Allah ta kama ni kafin tsoron ɗan sanda." Ta miƙa hannayenta biyu. "Ka tafi da ni, ka bar yaron."

Sufeto bai taɓa ankwarsa ba. "Maganar Allah ba hayaƙi ke shafe ta ba, Gogo. Malam, gwada mu gani."

Aka kira ɗalibai, suka cire takalma suka cika ɗakin. Malam Bashir ya miƙa hannu ya zaro faifan Umra, sai ya dakata. Ya ajiye shi a kan mayafin, ya fita, aka ji yana kiran Babayo ya kawo buta. Da ya dawo, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya dubi Zainulabidin.

"Kana da alwala?"

"Ina da ita, Malam."

"To zo ka danna. Ka yafe mini."

Na'urar ta yi ƙara, ta yi shiru, ta sake yin ƙara. Gogo ta runtse ido. Sannan surar farko ta bayyana, farin rubutu a kan baƙin gilashi, kowane wasali a wurinsa. Hannun Zainulabidin bai yi rawa ba. Gogo ta matso, ta bi layukan da ido, leɓɓanta suna motsi har ƙarshe.

"Doka sai an cika ta," in ji Sufeto a hankali. "Za ki bi ni ofis ki ba da bayani, in rufe fayil, in dawo da ke da kaina."

Ta gyara lulluɓinta ta bi shi. A bakin ƙofa ta juyo ta nuna Malam Bashir da yatsa.

"Kafin in dawo, a kira kafinta ya kafa kanta a bangon nan. Sama da kan kowa."

"Yau ɗin nan, Gogo," in ji Malam Bashir.

Sufeto ya sunkuya ya juya mata takalmanta, sannan ya sa nasa. Allah Ya saka wa masu girmama abin da Ya girmama.