Nan Ba Gonar Ubanka Ba Ce

Ranar da Abdulsamad ya fara tuƙo motar tumatir zuwa Kano shi kaɗai, sai bayan isha'i ya iso wani sabon shataletale. 'Yan acaɓa kamar ƙudan zuma. Ya zaga sau biyu bai gane mafita ba.

"Kai baƙauye, nan ba gonar ubanka ba ce!" wani ɗan acaɓa ya daka masa tsawa.

Kunya ta rufe shi, ya raɓe gefe. Sai ga wani dattijo, malafa ta rufe masa fuska, ya dafa ƙofar motar. Warin ɗanyar laka ya cika gaban motar, alhali rani ne, kwalta a bushe ƙayau.

"Yaro, daga Kadawa kake?"

Abdulsamad ya ga ɗan acaɓan nan bai tafi ba, ya kasa kunne.

"A'a, Baba, ni haifaffen birni ne."

"To, ai ɗan birni ba ya ɓata."

Abdulsamad ya ja mota. Duk hanyar da ya ɗauka, sai ta dawo da shi shataletalen. A karo na bakwai ba mota ba babur, sai dattijon nan tsaye, ruwa na ɗiga daga ƙafar wandonsa.

"Baba, ƙarya na yi. Ni ɗan Malam Ɗayyabu mai ban-ruwa ne, wanda ya rasu bara."

Dattijon ya yi gajeren tari sau biyu, irin wanda Abdulsamad ya taso yana ji a zaurensu kowace asuba.

"Na sani," in ji shi. "So nake in ji daga bakinka."