Takardar da Ke Aljihun Mai Lamba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, sallamarsa ma a ciki ta amsa. Wani dogo ne cikin farar riga da ba ta san guga ba, yana manna lambobi a jikin gilasai. Mai neman digirin digirgir, me za ta yi da ma'aikacin ɗakin gwaji?

Aikinta a kan hanji yake. Idan jini ya yanke wa hanji sannan ya dawo, ƙwayoyinsa kan shiga cinye sassansu da suka lalace. In sun ci daidai su tsira, in sun zarce su cinye kansu. Wasu ƙananan 'yan saƙo a cikin ƙwayar, maikuro-RNA, su ke cewa a ci ko a dakata. Auta ta toshe guda da magani a rabin ɓerayen gwajinta, tana fatan hanjinsu ya fi lafiya. In bai fi ba, shekara ukunta ta bi ruwa.

Dokar wurin ita ce shi zai yanka naman hanjin, ya ɗora a kan gilashi, ya sa lamba, ya riƙe takardar da ke nuna ɓerayen da aka ba magani. Ita kuma ta duba ta ba da maki a makance, ba ta san wanne ne wanne ba. Shi ya sa ake ce masa Mai Lamba.

Raini dai bai hana zuciya aikinta ba. Kullum ta zo sai ta tarar ya goge mata madubin na'urar duba ƙwayoyi, ya rage kujera daidai tsawonta. Wata rana saƙonsa ya shigo wayarta:

“Gimbiyar ɓeraye, talakawanki sun ci sun ƙoshi. Ke fa?”

Ta taɓe baki, sannan ta karanta sau biyar. Kafin a jima soyayya ta ƙullu, har labari ya kai gida.

Akwai kuma wani Dakta Turare, wanda ƙamshinsa ke riga shi shiga ɗaki, bincikensa kuwa ko yaushe yakan fito yadda yake so. Shi Mama ke so.

“Ga likita da mota, ki kwaso mana mai wanke kwalba?” in ji Mama. Baba, tsohon shugaban makaranta, ya ce shi ma bai ga dacewar ba.

Da Auta ta kai rabin gilasan, tsoro ya kama ta, don duk iri ɗaya suke mata. Dakta Turare ya yi dariya.

“Ki karɓi takardar ki leƙa mana. Kowa haka yake yi. In yana sonki ai zai ba ki.”

Ta sami Mai Lamba a bakin firji.

“Ba ni takardar, minti ɗaya kawai, masoyina.”

“Ki tambaye ni komai ban da wannan, Gimbiya.”

“Ashe Mama ta yi gaskiya. Ɗan ikon da aka ba ka ke nan, takarda guda, shi kake taƙama da shi.”

Ya sunkuyar da kai, ya koma kan gilasansa. Da yamma ya turo:

“Na ji zafin maganarki. Amma in kin leƙa, idonki zai ga abin da kike so, ba abin da ke wurin ba. Ina sonki, shi ya sa.”

Mako uku ba ta kula shi ba, tana ta ba da makinta a makance.

Ranar kare bincike, malamar da aka gayyato daga wata jami'a ta sauke tabarau ta ce, “Sakamako mai kyau ba ya burge ni, na ga dubu. Wa ya riƙe takardar lambobin? Kin taɓa ganinta?”

“Ban taɓa ba. Na roƙa, aka hana ni.”

Dakta Turare ya tuna yana da wani taro, ya sulale.

Bambancin da ta samu tsakanin ɓerayen ɗan kaɗan ne, amma na gaskiya ne, kuma a kansa aka ba ta digiri. A gida ta faɗa wa Baba komai, har rashin kunyar da ta yi, kuma da bakinta ta je ta ba Mai Lamba haƙuri. Baba, wanda ya shekara talatin yana korar masu satar amsa, ya ce a kira masa yaron.

Mama ta yi ta ƙunƙuni har ranar aure, sai ga shi ita ta fi kowa kuka. Baba ya riƙe hannun ango a gaban jama'a.

“Masu ba ta abin da take so suna da yawa. Kai na ba ka ita ne don ka iya hana ta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya.”

Auta ta amsa amin ɗin da ƙarfi, har ƙannenta suka kwashe da dariya.