Tsagar da Kaka Ta Yi wa Jirgi

A wani ƙauye na bakin ruwa, kusa da Wara, an yi wani yaro mai suna Jabir. Yana aji shida a firamare. Yaro ne mai fara'a, ba ya faɗa da kowa, amma jiki ya yi masa yawa.

Daga mashaya, inda jirage ke tsayawa, zuwa gidansu ɗan tudu ne, wanda ko akuya mai ciki takan hau shi a guje. Jabir sai ya tsaya sau biyu yana haki. Yara suna kiransa Buhun Albasa. Yakan yi dariya tare da su. In ya shiga ɗaki kuma, dariyar ta ƙare.

Wata rana gwiwa ta dame shi, Innarsa ta kai shi asibiti. Malamar asibiti ta ɗora shi a sikeli, ta tambayi abin da yake ci. Ta ce ba cuta ba ce tukuna. Amma tunda babansa na fama da ciwon suga, gara ya rage zaƙi da soye-soye, ya riƙa motsa jiki kullum.

A makon nan ne kuma malaminsu, Malam Daniel, ya shigo aji da labari. Kafin damina ta sauka za a yi tseren jirage tsakanin makarantun bakin ruwa, yara shida a kowane jirgi. Duk mai son wuri, sai an gwada shi. Zai tuƙa ƙaramin jirgi shi kaɗai zuwa gungu, wato tsibirin da ake noman albasa, ya dawo bai ajiye filafilin tuƙi ba.

Jabir ya ɗaga hannu. Aji ya fashe da dariya. Malam Daniel bai yi dariya ba. Ya rubuta sunansa.

To, a gidansu mutum ɗaya ke da ƙaramin jirgi: Kaka Uwani, mahaifiyar babansa. Ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ba ta ga abin da ta rasa ba. Da ta ji zancen asibiti sai ta taɓe baki. Ta ce ta tsufa a kasuwar kifi, ta san halin sikeli, ba ta yarda da shi ba.

"Maigidana," haka take kiransa, irin wasan kaka da jika. "Gobe da sassahe ka iske ni bakin ruwa. In rana ta riga ka hitowa, na sake ka, na nemi wani miji."

Washegari ruwa ya kwanta luf, ko iska babu. Kaka ta sa Jabir ya zauna a katakon tsakiya, ya miƙe baya, kada ya motsa. Ta shiga ruwa har gwiwa. Ta sunkuya, ta zaro wuƙar gyaran kifi, ta yi 'yar tsaga a jikin jirgin daga waje, daidai inda ruwa ya tsaya.

"Ga nauyinka nan," in ji ta. "Wanga ba ya ƙarya. Ɗauki filafili, ka kai ni gona can gungu."

Ranar farko, tun ba su yi nisa ba hannunsa ya mutu. Kaka ta karɓa ta ƙarasa, ba ta ce masa sannu ba. Rana ta biyu ma haka. Amma kullum sai ya ƙara kaɗan. In ta duba gonar, ta tuƙo su gida, ya yi wanka ya wuce makaranta.

Abinci kuwa, Kaka ba ta hana shi ci ba. Tuwo, kifi, zogale, ganyen albasa, duk yana ci. Lemon kwalba ne da alewa ta ce ba su da gurbi a ɗakinta.

Kowace Juma'a takan shiga ruwa ta duba tsaga. Da ƙwayar shinkafa take awo. Bayan wata biyu ta ce ruwa ya sauka faɗin ƙwaya ɗaya. Bayan wata uku ya zama biyu. Jabir ya fara hawa tudun gida ba tare da tsayawa ba. Ya iya kaiwa gungu a tuƙi ɗaya. Dawowar ce kawai ta rage masa.

Sai hutun makaranta ya zo, a tsakiyar zafin bazara. Aka ce Jabir ya je Yelwa wurin Gwaggo Lubabatu, ya yi mako uku. An gama cire albasa, Kaka ba ta buƙatar jirgi. Ta ce masa kafin ya tafi ya ɗaure jirgin a cikin ruwa, ƙarƙashin inuwa, kada ya bar shi a rana.

Da safen tafiya mota na ta ƙaho. Jabir ya ga inuwar ta yi nisa. Ya ja jirgin kan yashi, ya kife shi, ya ruga.

Kaka ta gani. Ta bar shi a wurin, don ba ita ta ja shi ba.

Gwaggo Lubabatu tana suyar fanke a bakin tasha, kuma tana son Jabir kamar ranta. Da ta gan shi sai ta kama salati, wai yaron nan ya rame, me tsohuwa take ba shi? Ta cika masa kwano. Ranar farko ya ci biyu ya ture. Rana ta biyu ya ce ai hutu ne, ya ci biyar. Daga nan bai ƙara ƙirgawa ba. Ga lemo mai sanyi a shagon maƙwabta. Ko aike aka yi masa nan da can, sai ya hau kabu-kabu. Kullum yakan ce gobe zai fara zagaya filin ƙwallo. Har hutu ya ƙare goben ba ta zo ba.

Da ya dawo gida ya sa rigar makaranta, sai ya ji maɓallin ciki yana ja. Bai son Kaka ta auna shi. Ya ce bari ya fara dubawa shi kaɗai.

Da sassafe ya sulale bakin ruwa. Ya birkice jirgin, ya tura shi, ya zauna a katakon tsakiya. Ruwa ya fara jiƙa masa ƙafa, bai kula ba. Hankalinsa duk yana kan tsaga. Ya leƙa gefe don ya gan ta.

Babu tsaga. Ruwa ya rufe ta. Ya ƙara leƙawa, ya ga ta nutse da kusan yatsa biyu.

Jabir ya fita daga jirgin. Wata uku na tashin asuba, ga abin da mako uku ya yi musu. Yanzu ma ya fi da nauyi. To, me ya rage? Ya ja jirgin ya mayar kan yashi, ya kife shi, ya koma gida.

Kwana shida bai je bakin ruwa ba. In ya taso makaranta sai ya kwanta gindin mangwaro. Inna ta tambaye shi ko ba shi da lafiya, ya ce lafiya lau. Alewar da ya daina sha ma ya koma mata, tunda a ganinsa komai ya riga ya lalace.

Ranar Alhamis ya tsaya bayan an tashi, ya ce wa Malam Daniel ya cire sunansa.

"Wa ya gwada ka ka faɗi?" in ji malamin.

"Ba kowa, Malam. Ni dai na san ba zan iya ba."

Malam Daniel ya ce gwaji sai nan da mako huɗu, kuma shi ba ya goge sunan wanda bai shiga ruwa ba. Ya rufe littafinsa ya tafi.

Da yamma Jabir na kwance gindin mangwaro, sai ya ji an jefa masa abu a ciki. Ƙullin tsumma ne. Kaka na tsaye a kansa, da gwangwanin kwalta a hannu.

"Tashi. Mai ɓarna shi ka gyara."

Ya bi ta har bakin ruwa, kansa a ƙasa. A hanya ya faɗa mata komai: fanke, lemo, kabu-kabu, da yadda ruwa ya haɗiye tsaga. Ya ce aikinsu duk ya tafi a banza. Kaka ta nufi jirgin. Ta sa shi ya ɗaga gefen jirgin ya shiga ƙarƙashi ya dubi sama.

"Mi ka gani?"

"Haske, Kaka. Layi-layi."

"Inda haske ya shiga, ruwa ba ya shiga?"

Sai yanzu Jabir ya tuna da ruwan da ya jiƙa masa ƙafa. Kaka ta ce katako in ya sha rana yakan bushe ya tsuke, bakin haɗi ya buɗe. Jirgin ya sha ruwa ne, shi ya sa ya nutse. Ta kuma tambaye shi yadda ya yi ya ga tsagar, tunda a waje take. Ya ce leƙawa ya yi.

"Ka leƙa, ka karkata jirgi da kanka, kana ka ce nauyi ne. Ɗan bakin ruwa guda. Kada ka bari a ji wagga magana a waje, ni za a yi wa dariya."

Jabir ya ɗan murmusa, karo na farko a kwana shida. Ya tambaye ta ko jirgin ya lalace ke nan, sai dai a faskara a yi itace.

"Jirgin kakanka za a faskara don ya yi mako uku a rana? Miƙo tsumma."

Suka zauna. Kaka ta nuna masa yadda ake murɗa tsumma a cusa a bakin haɗi da bayan wuƙa. Suka narka kwalta suka shafe. Aikin ya ci yamma biyu, yatsun Jabir suka yi baƙi. Daga nan suka tura jirgin ruwa, suka ɗora masa duwatsu har ya nutse. Kaka ta ce a bar shi kwana biyu, katako ya sha ya kumbura, ya koma yadda yake.

Ranar da suka kwashe duwatsun, suka kwalfe ruwan da ƙwarya, ruwan tafki a kwance yake. Jabir ya zauna a katakon tsakiya. Kaka ta shiga ruwa har gwiwa, ta sunkuya, ta daɗe tana kallo.

"Ƙwaya ɗaya ƙasa da tsaga," in ji ta. "Da biyu ne. Ɗaya ka bari a kaskon Lubabatu. Ɗayar tana nan, taka ce."

Jabir ya sauke numfashi. Ashe bai koma farko ba. Nan take ya ce daga yau ba zai ci abincin rana ba, kuma zai riƙa zuwa gungu sau biyu, don ya rama.

Kaka ta harare shi. Ta ce a gidanta ba a horon yunwa. Wanda bai ci ba, da me zai ja filafili? Jirgin ma ba a rana ɗaya ya kumbura ba. Yau iyakarsa rabin hanya, gindin busasshen icen nan da ke tsakiyar ruwa, ya juyo.

Ko rabin ma da ƙyar ya kai. Hannunsa ya yi ciwo kamar ranar farko. Amma abin mamaki, a kwana biyar jikinsa ya tuna aikin. Abin da ya ci masa wata guda a da, yanzu mako ɗaya ya ishe shi. Wata safiya barci ya ɗauke shi, bai fita ba. Da ya farka ya ji tsohon tunanin nan yana dawowa, wai an sake ɓatawa. Ya tuna da tsumma da kwalta. Washegari ya riga Kaka isa bakin ruwa.

Ranar gwaji yara goma sha ɗaya suka zo. Jabir ne na ƙarshe. Wani ya ce a matsa, ga Buhun Albasa zai nutsar da jirgi. Jabir bai waiwaya ba. Bai yi gudu ba. Ya ja filafili a hankali, dama, hagu, yadda ya saba. Ya taɓa gungu ya juyo. A hanyar dawowa kafaɗunsa suka ɗauki wuta. Wurin busasshen icen nan ya ji kamar ya ajiye. Ya hango Kaka tsaye a mashaya, hannu a ƙugu. Ya ci gaba.

Da hancin jirgin ya taɓa yashi, filafili na hannunsa. Yara huɗu sun huta a hanya, ɗaya ya juyo tun bai kai ba. Malam Daniel ya karanta sunaye shida. Na shida Jabir ne.

Yara suka yi ta tafi, har da mai tsokanar. Jabir ya dubi Kaka, ko za ta ce wani abu.

"Ina za ka bar mini jirgi?" in ji ta.

Ya sake shiga, ya tuƙa shi har ƙarƙashin inuwa, ya ɗaure a cikin ruwa, ƙulli biyu. Da ya dawo ta miƙa masa gasasshen kifi a ganye.

"Ci, maigidana. Na fasa neman wani mijin."

To, yara, abin da Jabir ya koya ke nan. In kana aikin kirki ka yi sakaci, ba duka ne ya lalace ba. Kada ka auna kanka a ranar da kunya ta cika ka, don awon ranar ƙarya yake yi. Ka faɗa wa babba gaskiya, ka gyara inda ya buɗe, ka koma washegari, ko da rabin hanya ne.