Kwarashin Bayan Teku

A wani gari can, an yi wani masassaƙi mai cika baki. Kullum cewa yake, "Ni gizagona bai san itacen gida ba, sai na bayan teku."

Matarsa masaƙiyar huluna ce. Da tsufa ya zo, kwarashin ƙarfe ya riƙa cin yatsunta, har ta ajiye saƙa ta koma zaman shiru. Abin ya dame shi. A ɓoye ya sassaƙa na kanya, ya ji ya yi nauyi. Ya sassaƙa na ƙirya, ya ji ya yi kaushi. Sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar muciyarta, wadda hannunta ya goge har ta yi santsi.

Washegari ya miƙa mata kwarashi. "Ungo, uwargida. Itacen bayan teku ne. Giwaye ke gadin bishiyarsa."

Ta karɓa, ya zauna a hannunta kamar da shi aka haife ta. Tana saƙa tana murmushi, shi kuwa yana ƙara wa giwayen yawa.

Da ta zo ƙulla zare, sai ta riƙe kwarashin a baki, kamar yadda ta saba. Ta ɗan lashe shi, ta cire.

"Maigida, ashe a bayan teku ma tuwon dawa suke tuƙawa?"

Ya sosa ƙeya.

"Koma wurin giwayen nan ka roƙo mini muciya," in ji ta, tana ƙara damƙe kwarashinta, "in dai kana son tuwo yau."